Asabar ɗin Bayahude da Jadawalin Gidan Burodi

"Ni ba na nuna bambanci, doka ɗaya ce ga kowa." Duk wanda ya taɓa zama tsakanin maigida da ma'aikacinsa ana neman sulhu ya san wannan magana. Ni abincina ke nan, shari'ar ƙwadago, kuma na ji ta a bakin masu makarantun kuɗi da masu gidajen mai da masu kamfanonin gadi. Yawancinsu ba ƙarya suke yi ba. Mutum zai dafa ƙirji ya ce kowa bakwai na safe yake zuwa, kowa yana aiki ran Asabar, kowa rigar aiki iri ɗaya yake sawa, ko ɗan cikinsa bai ɗauke wa ba. A wurinsa adalci ya cika ke nan. Ni kuwa ina ganin da sauran rina a kaba, a gaban alƙali da kuma a gaban Allah, kuma shari'ar da ta fi fito mini da abin fili ba a ƙasar nan aka yi ta ba.

A garin Kingston da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, wata mata mai suna Theresa O'Malley tana aiki a sashen kayan mata na babban kantin Simpsons-Sears. Cinikin kantin ya fi kankama daga yammacin Alhamis zuwa Asabar, don haka ƙa'ida ita ce duk cikakken ma'aikaci zai riƙa karɓar yammacin Juma'a bi da bi, ya kuma yi aiki Asabar biyu cikin kowace uku. Shekaru tana bin wannan tsari. A 1978 sai ta shiga cocin Adventist, waɗanda ba sa aiki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar. Muna da su a nan ma, su ne masu asibitin Jengre a jihar Filato. Ta je ta shaida wa manaja. Aka ce mata ƙa'ida ƙa'ida ce, in ba za ta yi Asabar ba to ba za ta ci gaba a matsayin cikakkiyar ma'aikaciya ba. Aka mayar da ita mai aikin 'yan awoyi, albashinta ya zube. Ta kai kuka hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin, ta faɗi a gaban kwamitin bincike, ta sake faɗuwa a kotuna biyu na gaba. Hujjar kotunan ba ta da wuyar fahimta: kantin bai yi nufin cutar da 'yan cocinta ba, don ciniki ya kafa dokar, kuma kowa ta hau.

Ranar 17 ga Disamba 1985 Kotun Ƙolin Kanada ta rushe wannan hukunci, ta bakin Mai Shari'a McIntyre, ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. Kotun ta ce dokar kare haƙƙin ɗan Adam an yi ta ne don a cire wa wanda aka cuta cutar, ba don a hukunta mai mugun nufi ba, saboda haka abin dubawa shi ne abin da ƙa'idar ta haifar. Ƙa'ida tana iya zama ta gaskiya, ta kasuwanci, ta hau kowa, amma nauyinta ya faɗa kan mutum ɗaya saboda addininsa. In hakan ta faru, ba lallai a soke ƙa'idar ba, amma wajibi ne mai aiki ya nemi hanyar da zai sauƙaƙa wa wannan mutumin, sai fa in sauƙin zai jefa shi cikin wahalar da ta wuce kima. Kuma shi ne zai kawo shaidar cewa ya nema bai samu ba, tunda shi ya san cikin kasuwancinsa. Simpsons-Sears ba su kawo irin wannan shaida ba. Aka ce su biya ta bambancin albashin da ta rasa.

Da na ba yayana wannan labari bai gamsu ba. Yana da gidan burodi a Kaduna, ta arewacin gada, kuma mutum ne mai tsoron cin haƙƙin wani. Ranar biya ba ya kwana da kuɗin ma'aikaci a aljihunsa. Ya ce, "To lauya, wannan wace irin shari'a ce? Mutum bai yi nufin cuta ba, a ce ya yi laifi? Ashe ba da niyya ake duba aiki ba?"

Tambayar tana da nauyi, domin a kanta muka tashi. Hadisin niyya shi ne farkon abin da yaro yake haddacewa a Arba'una. Amma na ce masa, "Yaya, in direbanka yana baya da mota ya take akuyar maƙwabci, bai gan ta ba, wa zai biya?" Ya ce shi. Na ce to ina niyyar? Fiƙihunmu ya daɗe da raba abu biyu. Akwai zunubi, wanda yake rataye da abin da ke zuciya, kuma Allah ne mai saninsa. Akwai kuma haƙƙin bawa, wanda yake rataye da abin da ya same shi. Wanda ya lalata kayan wani bisa kuskure ba shi da zunubi, amma sai ya rama. Kisan kuskure ma, Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara. Ba a taɓa cewa iyalan mamaci su haƙura saboda zuciyar wanda ya yi kisan fara ce ba. Kyakkyawar niyya tana wanke mutum daga zargi, amma ba ta mayar wa Theresa O'Malley albashinta.

Akwai kuma wani abu da masu cewa ba su yi niyya ba suke tsallakewa. Ranar da aka rubuta dokar Asabar, gaskiya ne ba wanda ya yi tunanin wannan mata. Amma daga ranar da ta shiga ofis ta faɗa, rashin sani ya ƙare. Abin da manaja ya yi bayan nan, da saninsa ya yi: ya ga inda ƙa'idar take ciwo, ya zaɓi kada ya duba ko akwai mafita. Ƙin dubawa shi ma aiki ne, kuma yana da tasa niyyar.

Sannan ita dokar da ake cewa ta kowa ce, a jikin wa aka auna ta? A lokacin, kantuna irin wannan a Ontariyo ba sa buɗewa ran Lahadi, domin doka ta hana. Tun 1906 Kanada take da dokar tsare ranar Lahadi, kuma sai a watan Afrilun 1985, shekarar da aka yanke shari'ar O'Malley, Kotun Ƙoli ta soke ta. Ke nan sauran ma'aikatan kantin ba su taɓa zuwa roƙon a ba su ranar ibadarsu ba, don an riga an gina ta cikin mako tun kafin a haife su. Su ba su ga an yi musu alfarma ba. Ita ce da ta zo da wata rana daban ta zama mai neman a karya doka dominta.

Bahaushe bai kamata a yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Makarantar allo har gobe Alhamis da Juma'a take hutu. Turawa ne suka zo da makon da Lahadi take hutu, ofis da kotu da banki suka ɗauka, muka gada. Tambayi duk Musulmin da ya yi aikin kamfani a Legas ko Fatakwal yadda ake neman izinin fita Juma'a, yadda mutum yake satar jiki ya bar abincin ranarsa don ya samu huɗuba, da irin kallon da ake yi masa in ya dawo. Mun san zafin abin sarai idan mu ne 'yan tsiraru. Inda muke mantawa shi ne inda muka fi yawa.

A gidan burodin yayana ana fara kwaɓi tun kafin assalatu. Injin yana ruri, masu awo suna yanka suna ɗorawa a sikeli, ana shafa wa gwangwanaye mai, ana jera su a bar kwaɓin ya tashi kafin a zura a tanderu. Kwaɓi ba ya jiran kowa. In ya wuce lokacinsa ya yi tsami, an yi asarar buhu. Bayan La'asar masu shayi da 'yan babur suke cika ƙofa. Duk da wannan matsi, ran Juma'a ana janyo kwaɓin rana baya, a gasa da wuri, a kashe inji kafin kiran farko, kowa ya yi wanka ya tafi masallaci. Da azumi kuwa aikin gaba ɗaya komawa dare yake yi, don ba wanda zai iya tsayawa gaban tanderu da tsakar rana da ƙishirwa. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a takarda ba, kuma yayana bai taɓa lissafa su a matsayin rangwame ba. A wurinsa haka aiki yake.

Sai ga wani yaro Kirista daga kudancin Kaduna, gwanin awo, hannunsa kamar sikeli. Ya zo ya rusuna ya ce, "Alhaji, don Allah a riƙa ba ni safiyar Lahadi, ko zuwa sha biyu ne. In na dawo daga coci sai in kai har dare." Lahadi kuwa ranar aiki ce mai nauyi, domin burodin safiyar Litinin ake yi. Yayana ya ce masa doka ɗaya ce, in ya ba shi gobe kowa zai kawo nasa uzurin. Yaron ya ce to, ya koma kan teburinsa. Haka yawancin irin wannan magana take ƙarewa a garuruwanmu, ba kotu, ba hukuma. Yaron da yake neman na abinci ba ya ja da maigida.

Abin da na yi kawai shi ne na ɗauko takarda na rubuta wa yayana awoyin da gidan yake tsayawa ko yake juya tsarinsa saboda ibadar Musulmi a shekara, na ajiye kusa da awoyin da yaron yake roƙo. Ya daɗe yana kallon takardar. Daga baya aka tsara cewa yaron zai tsaya gaban tanderu da tsakar ranar Juma'a, abin da ya ba su damar ƙara gashi ɗaya da a da ba sa yi, wani kuma ya riƙe masa teburin awo da safiyar Lahadi. Bai tafi sumul ba. Wanda aka ɗora wa Lahadin ya yi ta gunaguni, don da safiyar ce yake zuwa ɗaukar karatu wurin malaminsa, sai da aka ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa aka kuma riƙa juya ranar tsakanin mutum biyu.

Wani zai ce wannan duk tunanin Turawa ne na kwaso daga littattafan lauyoyi. To ga abin da ya girmi Kotun Ƙolin Kanada da ƙarnuka. An tambayi Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, game da Bayahuden da aka ɗauka aiki na wani ƙayyadadden lokaci ba tare da an ambaci Asabar a yarjejeniya ba: shin za a tilasta masa aiki a Asabar ɗin da suka faɗo cikin lokacin? Ya amsa cewa in al'adarsu ta tabbata a kan barin aiki ranar, to shirun da aka yi daidai yake da an cire ta a fili, kamar yadda ake cire dare a aikin da aka saba yi da rana. Suyuɗi ya kawo fatawar a littafinsa Al-Ashbah wan-Naza'ir, wurin da yake bayanin hukunta al'ada, kuma malaman Shafi'iyya na baya suka ce haka abin yake ga Kirista da Lahadinsa. A wurare guda suka rubuta cewa lokutan salloli biyar da na tsarki ba sa cikin abin da aka saya daga ma'aikaci Musulmi, kuma ba a rage masa lada saboda su. Mu nan Malikawa ne, na sani, amma hukunta al'ada ba baƙon abu ba ne a mazhabarmu. In ma akwai waɗanda suka fi ba ta muhimmanci to mu ne.

Ba zan yi wa Gazali ƙarin da bai faɗa ba. Ba daidaiton 'yan ƙasa yake magana a kai ba, zamaninsa bai san wannan tsari ba, kuma ya rataya hukuncin a kan al'ada. Amma tushen da ya tsaya a kai ya fi daidaiton zurfi a ganina. Me mai aiki yake saya idan ya ba da albashi? Yana sayen wani yanki na lokacin mutum da ƙarfinsa da gwanintarsa. Bai sayi mutumin ba. Akwai abin da yake saura a hannun ma'aikaci wanda bai taɓa shiga ciniki ba, kuma tsayuwarsa gaban Ubangijinsa tana cikin wannan saura, ko da kai kana ganin hanyar da yake bi ba daidai ba ce. Gazali bai yarda da addinin Bayahuden ba ko kaɗan. Duk da haka bai ga cewa kuɗin ƙwadago ya ba Musulmi ikon taka Asabar ɗinsa ba. Wannan shi ne bambancin ɗan ƙwadago da bawa, kuma maigidan da yake jin cewa tunda yana biya to kwana bakwai ɗin yaronsa duk nasa ne, ya fara manta wannan bambancin.

Amma abin yana da iyaka, kuma a nan ne gardamar gaskiya take. A ranar da O'Malley ta ci nasara, a kotu guda, wani mabiyin addinin Sikh mai suna Bhinder ya faɗi. Ma'aikacin lantarki ne a kamfanin jirgin ƙasa na Kanada, aka wajabta hular kwano, shi kuma addininsa bai yarda ya ɗora komai a kan rawaninsa ba. Mafi yawan alƙalan suka ce hular sharaɗi ce ta ainihin aikin. Kotun ta ja da baya daga wani ɓangare na wannan hukunci a 1990, sannan a 1999 ta ɗaure maganar wuri guda a shari'ar Tawney Meiorin, mai kashe gobarar daji da ta shekara uku tana aikinta lafiya aka kore ta don ta kasa gudun kilomita biyu da rabi cikin minti 11. Ta makara da daƙiƙa 49. Kotun ta ce duk sharaɗin da mai aiki ya kafa, sai ya nuna cewa aikin yana bukatarsa da gaske, kuma ba yadda za a sassauta ba tare da wahala mai tsanani ba. Gwamnatin lardin da take yi wa aiki ta kasa nuna cewa wannan gudun ne yake raba mai iya kashe gobara da wanda bai iya ba.

Amurka ta ɗauki lokaci kafin ta iso nan. Tun shari'ar Hardison da kamfanin jiragen sama na TWA a 1977, kotunan ƙasar suka riƙa fahimtar cewa ko ɗan ƙaramin kashe kuɗi ya isa mai aiki ya ce ba zai iya ba. Sai a watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta gyara, a shari'ar Gerald Groff, mai raba wasiƙu a karkarar Pensilvaniya. Lokacin da ya shiga aikin ba a rabo ran Lahadi. Da hukumar gidan waya ta ƙulla yarjejeniya da Amazon aka fara, shi kuma ya ce ba zai yi ba, aka yi ta horonsa har ya ajiye aiki a 2019. Alƙalai tara suka haɗu a kan cewa sai mai aiki ya nuna asara mai yawa idan aka auna da girman kasuwancinsa, suka mayar da shari'ar ƙasa a sake dubawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Groff shi ne abokan aikinsa. Ƙaramin ofishi ne, kuma duk Lahadin da bai zo ba wani ne ya bar iyalinsa ya ɗauki jakar. Su ma mutane ne masu haƙƙi.

Ra'ayina a nan shi ne, sauƙin da aka yi wa ma'aikaci ɗaya bai kamata a karɓo kuɗinsa daga wuyan ma'aikacin da ya fi kowa rauni ba. Maigida ne yake cin ribar wurin, shi ya kamata ya fara ɗaukar nauyin: ya biya ƙarin awoyi, ya juya jadawali, ya nemi mai musanya da yardarsa. A hadisin Abu Zarri, bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata masa a kan gorin uwa da ya yi wa wani mutum, ya hore shi game da waɗanda suke ƙarƙashinsa cewa kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora to maigidan ya sa hannu. A kan bayi aka yi wannan horo. Ina ga ɗa mai 'yanci da ya zo da ƙafarsa?

Shi ma mai neman sauƙin akwai nasa. A 1992, a shari'ar wani mai kula da makaranta mai suna Renaud, kotun Kanada ta ce ma'aikaci ba zai tsaya sai an ba shi mafitar da ta fi masa daɗi ba. In an kawo mai ma'ana, ya karɓa. Wannan ya kamata a karanta wa ma'aikatanmu da suke fita "Juma'a" tun sha ɗaya na safe ba a sake ganinsu sai Litinin. Juma'a ba ranar hutu ba ce a Musulunci. Surar da ta yi umarnin a bar ciniki in an kira salla, ita ce ta ce in an idar a watsu a nemi arziki. Mai fakewa da salla ya gudu daga aiki yana ɓata wa na gaskiya hanya, domin shi maigida zai tuna gobe in wani ya zo da roƙo.

Duk wannan magana ce ta wanda ya riga ya shiga ciki. Babbar ɓarnar a bakin ƙofa ake yin ta. Mai wayo yana jin an ce wajibi ne ya sauƙaƙa, sai ya ce a ransa, shi ya sa ba na ɗaukar irinsu. A 2008 wata yarinya 'yar shekara 17, Samantha Elauf, ta nemi aiki a kantin tufafi na Abercrombie & Fitch a garin Tulsa. Wadda ta yi mata tambayoyi ta ba ta makin da ya isa a ɗauke ta, amma aka ƙi saboda ɗankwalinta ya saɓa wa ƙa'idar shigar ma'aikata. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai takwas cikin tara, ta ce ba a ƙin ɗaukar mutum don gudun sauƙaƙa masa. Mun yi murna da wannan. Mun kuma tsaya tsayin daka lokacin da aka hana Amasa Firdaus shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja a Disamban 2017 saboda hijabinta, har aka kira ta da hijabin a Yulin 2018. Daidai muka yi. Amma hujjar da ta buɗe wa Firdaus ƙofa ita ce dai hujjar yaron awo da Lahadinsa, kuma wanda ya karɓe ta a can ya ƙi ta a nan, ba adalci yake so ba, nasa yake so.

Dokar Najeriya ba ta rasa abin cewa ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin addini, na 42 ya hana bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, ko da yake lafazinsa ya fi fuskantar dokoki da matakan gwamnati. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar bambanci a wurin aiki da kuma amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da ƙasar ta amince da su. Cikinsu akwai yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, wadda Najeriya ta amince da ita a 2002, kuma ita ma da sakamako take auna bambanci, tana cire abin da ainihin aikin yake bukata kawai. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, ba ta ce sai Lahadi ko sai Juma'a ba. Kayan aiki akwai. Sai dai wanda ba a ɗauka ba bai san dalili ba, ba shi da takarda, ba shi da kuɗin lauya. A gidajen burodi da garejoji da shagunan kasuwa ba a tallar gurbi. Ana cewa ne "kawo mini yaro mai amana," kuma kowa daga masallacinsa ko cocinsa yake kawowa. A Kaduna, tun rikicin 2000 da na 2002 da suka raba garin gida biyu a bakin kogi, wannan ya ƙara tsanani.

A nan ne ni da yayana muka rabu. Jadawali ya yarda, amma ɗaukar ma'aikaci ya ce, "Lauya, dukiyata ce, kuma amana nake nema. Wanda muke sahu ɗaya da shi na fi sanin halinsa." Na tuna masa cewa a Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana abu biyu ta ambata da ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa aiki, ƙarfi da amana, alhali baƙo ne da ba su san danginsa ba, a bakin rijiya ta ga halinsa. Na tuna masa cewa a tafiyar Hijira, lokacin da Ƙuraishawa suka sa ladan raƙuma ɗari, jagoran da Manzon Allah da Sayyidina Abubakar suka ɗauka, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa. Suka ba shi raƙumansu biyu, suka yi alkawarin haɗuwa a kogon Sauru bayan kwana uku, ya zo. Buhari a babin ƙwadago ya kawo labarin. Malami zai ce taken babin ya ambaci lalura, kuma haka ne. Amma abin da labarin ya tabbatar bai canza ba: an ba wanda ba Musulmi ba amanar rai, ya riƙe. Yayana kuma ya fi ni sanin cewa wanda ya taɓa gudu masa da kuɗin fulawa, a sahun gaba yake salla.

Batun "dukiyata ce" kuwa, gaskiya ne har zuwa wani wuri. Wanda zai ci a akushinka, kai ka zaɓa. Amma motar gidan burodin nan kullum sai ta haye gada ta sauke kaya a Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, kuma ba a taɓa tambayar mai saye addininsa kafin a karɓi kuɗinsa ba. Wanda ya buɗe ƙofa ga kuɗin gari duka, da wuya ya kafa hujjar rufe ta ga 'ya'yan rabin garin in sun zo neman aiki.

Yanzu haka gurbin direba a buɗe yake. Mutum biyu suka nema: wani magidanci daga Kakuri da ya daɗe yana tuƙin motar kaya, da wani matashi na unguwa da bai jima da karɓar lasin ba. Na ce a loda motar a ba kowannensu ya kai Kawo ya dawo, a duba wanda burodinsa bai lotse ba. Yayana ya ce zai yi shawara. Limamin unguwa dai ya riga ya aiko a kan matashin.